Dakta Ya Ce In Ƙwace Mata Katunanta, Ni Kuwa Na Ce Ba Zan Ƙwace Ba

Zuwa ga Anti mai wannan shafi,

Anti, don Allah ki agaza min da shawara, kaina ya ɗau zafi. Duk wanda na kai wa maganar nan sai ya ce in yi haƙuri in bi, ni kuwa a wannan karon haƙurin ne ba ni da shi. Tun da wuri ma in gaya miki, ban rubuto don a lallashe ni in sauko ba. Na riga na yanke abin da ba zan yi ba, ko sama da ƙasa za su haɗu. Abin da zan yi ne ban sani ba.

Ni malama ce a makarantar yara masu buƙata ta musamman, shekarata tara ke nan ina wannan aikin. Yara bakwai ne a ajina. Ina kuma karatun digiri na biyu, wanda na ja shi kamar roba, shekara huɗu yanzu, saboda na haihu a tsakiya kuma an taɓa ƙara min wa'adi sau ɗaya. Sun gaya min ƙarara babu ƙari na biyu. Mako takwas suka rage in miƙa aikin bincikena, in ban miƙa ba shi ke nan, karatun ya bi ruwa.

Binciken nawa a kan yarinya ɗaya tak nake yin sa. Kada ki yi dariya, an yi min ita a sashenmu har na gaji. Akwai wani malami da duk inda ya gan ni sai ya tambaye ni ya jama'ar bincikena, ko duk sun zo yau. Su a wajensu bincike shi ne ka raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari uku su yi maka ƙarya ka tattara. To ni ina zan samo yara ɗari uku irin tawa? Ko yaran ajina bakwai ɗin, babu biyu da suka yi kama. A fanninmu akwai hanyar da aka sani ta binciken yaro guda: za ka sa masa ido, ka ƙirga abin da yake yi kullum kafin ka taɓa komai, sannan ka kawo dabararka, ka ci gaba da ƙirgawa, ka ga ko lissafin ya sauya. Yaron da kansa shi ne ma'aunin kansa, jiyansa da yau ɗinsa.

Yarinyar shekararta takwas. Ina kiran ta Tsuntsuwa, don in ta ji daɗi sai ta riƙa kaɗa hannuwa kamar za ta tashi sama. Likitoci sun ce otizim ne. Ba ta magana, ko kalma ɗaya. Ji kuwa tana ji fiye da ni da ke, har ƙarar da ba mu lura da ita ba tana damun ta. Lokacin da aka kawo min ita, abin da ya fi tayar min da hankali cizon hannu ne. Bayan hannunta na dama, gindin babban yatsa, ya yi kanta, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. In abu ya dame ta sai ta kafa haƙori a wurin ta danna da ƙarfi, idonta a kanki, ke kuma ba ki san ƙishi take ji ba, ko fitsari, ko kujerar da wani ya ja ce ta shige mata kai.

Mamanta tela ce, tana da ɗan shago a gaban gidansu. Baiwar Allah ce mai sanyin magana, irin matan da ko ke ce da laifi sai su riga ki ba da haƙuri. Ta ɗinka wa yarinyar safar hannu kala-kala, duk ta tsige su da haƙori. Da na ce mata ina so in yi bincike a kan 'yarta, ta sa hannu a takarda ba ta ko gama ji ba, ta ce duk abin da zai sa hannun nan ya huta a yi. Ita ce ma ta ba ni gwangwanin maɓallai, don na gaya mata ba zan iya riƙe biro da takarda ina bin yara bakwai ba. Sai na riƙa zuba maɓallan a aljihun hagu na rigar aikina. Duk cizo ɗaya, maɓalli ɗaya ya koma aljihun dama. In an tashi hutun rabin rana sai in juye a tebur in ƙirga in rubuta. Maigidana har tsokana ta yake yi, wai ya auri malama ya wayi gari da mai ɗinki, don kullum sai an tsinci maɓalli a cikin wanki.

Kwana goma na yi ina ƙirge ban taɓa komai ba, kuma Allah ne kaɗai ya san yadda na ji a kwanakin nan. Daga ƙarfe takwas zuwa goma, ashirin da biyu, goma sha tara, ashirin da biyar. Bai taɓa sauka ƙasa da goma sha takwas ba.

Sannan na kawo katunan. Hotuna ne na ɗauka da wayata, na kofinta, na banɗaki, na ƙofa, na ƙwallon da take so, da na lungun da muka shimfiɗa tabarma a bayan kabad inda babu hayaniya. Na kai aka wanke su aka rufe da leda mai tauri, na manna su a wani ɗan allo daidai tsayinta. Na koya mata in tana son abu ta ciro hotonsa ta sa min a hannu. Kwana uku tana jifa da su. Rana ta huɗu, ana tsakiyar waƙar safe, yara suna ihu, na ga ta ɗaga hannun za ta kai baki, sai ta tsaya. Ta je allon, ta ciro hoton lungun, ta zo ta danna min shi a tafin hannu da ƙarfi kamar mai cewa ga shi nan, in kin isa ki ce ba ki gane ba. Anti, na kai ta lungun, na koma gaban allo na juya wa yara baya, don ba na so su ga malamarsu tana hawaye.

Cikin mako uku maɓallan suka koma biyu, uku, wata rana aljihun dama wayam. Yanzu mako goma sha ɗaya ke nan. A ajina hannun nan ba ya shiga baki sai jefi-jefi. Har iyayi ta koya, tana kawo min hoton ƙofa ana tsakiyar darasi, in na ce sai an jima ta sake kawowa tana kallon gefe.

To ga inda rigimar take. Malamin da ke duba aikina, Dakta muke ce masa, ya ga zanen lissafin, layin ya taho a sama ya faɗo ƙasa, ya ce ya yi kyau, saura mataki na uku. Mataki na uku shi ne in janye katunan. In kwashe su gaba ɗaya na aƙalla kwana biyar, in ci gaba da ƙirge, a ga cizon ya dawo, sannan in mayar da su a ga ya sake sauka. Wai da haka ne za a tabbatar katunan ne suka yi aiki ba wani abu ba. Eh, na sani, yana cikin tsarin da na rubuta da hannuna tun farko, na kuma sa hannu. Amma lokacin da na rubuta ban san Tsuntsuwa ba, layi kawai nake zanawa a takarda.

Don kada ki ce ban gwada ba, na gwada. Wata Talata na kwashe katunan na kulle a kabad kafin ta iso. Ta shigo, ta ajiye jakarta, ta nufi allon. Ta shafa shi da hannu daga sama har ƙasa. Ta leƙa bayansa. Ta zo ta kama yatsana ta ja ni har gaban allon ta ɗora hannuna a kai. Ni kuma na tsaya kamar gunki, ɗaya hannun nawa yana cikin aljihu yana jiran ya ɗauki maɓalli. Kin ji rashin imani? Minti arba'in, maɓalli goma sha ɗaya, na goma sha ɗayan da jini. Na buɗe kabad na zube mata katunan a gaba. Ba ta taɓa su ba sai bayan hutu, kuma kwana biyu ba ta yarda ta ba ni kati a hannu ba, sai dai ta ajiye a tebur ta matsa.

Na kai wa Dakta wannan, na ce ga janyewarsa nan na yi. Ya cire tabarau ya ce minti arba'in ba hujja ba ce, ɗigo ɗaya ba ya zama layi. Ya tambaye ni ta yaya na san ba sabo da ni yarinyar ta yi ba, ko girma ne ya zo mata, ko kuwa fankar ajin ce. Don tsautsayi, a makon da na kawo katunan ne aka gyara fankar ajinmu da ta shekara tana ƙiiƙii, kuma ni da bakina na ba shi labarin tun tuni. Fanka, Anti! Wata uku ina durƙuso a gaban yarinya, a ce fanka ce ta yi aikin. Na ce masa to ya zo ya kwashe katunan da hannunsa ya tsaya ya kalla. Ya ce ba ya son rashin kunya. Na ce ni ma ba na son jini. Ya ce in ban kawo mataki na uku ba, ba zai sa hannu ba, don ba zai kai ni gaban masu jarrabawa su yi kaca-kaca da ni da shi ba. Na tattara takarduna na fito, ko sallama ban yi ba. Mako biyu ke nan ban kira shi ba, shi ma bai neme ni ba.

Wata abokiyar karatuna ta ce wahalar da kaina kawai nake yi. Wai in zauna a ɗaki in rubuta goma sha bakwai, ashirin, goma sha tara, kwana biyar, wa zai sani, ai na riga na san abin da zai faru in an janye. Ba zan ɓoye miki ba, na buɗe littafin na riƙe biro. Abin da ya tsayar da ni, kowace lamba a littafin nan na san ranarta, na san rigar da yarinyar ta sa. Ban san yadda zan zauna da lambobin da ba su da rana ba. Amma ban ce tunanin ya bar ni ba, in na tuna shekara huɗun nan yana dawowa.

Abin da ke ƙara ba ni haushi, ni na san katunan ne. A filin wasa lokacin hutu, inda babu allon, malamar da ke tsaron yara ta ce har yanzu Tsuntsuwa tana cizo. A gida ma haka. Kusan duk Litinin da sabon ciwo take zuwa, in wanke in sa magani, kafin Juma'a ya kame, Litinin kuma a dawo da wani. Mamanta ta taɓa tambaya ta ko za a ba ta irin hotunan ta riƙa gwadawa a shago, na ce ta ɗan dakata sai na gama binciken, don in aka yi amfani da su ba daidai ba za a rikita yarinyar a kuma ɓata min lissafi. Ta ce to, Allah ya kai mu. Shi ya sa kullum in an tashi nake kulle su a kabad. Kin ga ai wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa a ajina ne abin yake aiki, amma Dakta ya ƙeƙasa ƙasa sai an janye.

Maigidana ya ce kwana biyar ne fa, yarinyar da ta shekara takwas a haka ba kwana biyar ne za su kashe ta ba, in na samu digirin yara nawa zan taimaka. Na ce masa ya bari in ɗinke masa baki na kwana biyar mu gani. Tun ranar bai ƙara sa baki ba.

Ni dai na faɗa, ba zan ƙara kwashe katunan nan ba. In digirin ne su riƙe abinsu. Sai dai in na faɗi haka da ƙarfi da rana, in na zauna ni kaɗai sai in ji kamar an zare min laka, don na sha wuya a kan karatun nan, kuma ina son sa. Anti, in je in ba Dakta haƙuri alhali ban yi laifi ba? In kai ƙararsa wajen shugaban sashe? Ko in rufe ido in rubuta lambobin nan biyar in huta? Ki gaya min gaskiya, ko mai ɗaci ce zan iya haɗiyewa.

Taki,
Malama mai taurin kai

*

Malama mai taurin kai,

Sannu da ƙoƙari, sannu da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau uku. Tunda kin ce za ki iya haɗiye mai ɗaci, zan ba ki, amma bari in fara da mai daɗin.

Kada ki kwashe katunan. A nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Ban tsaya a ra'ayina ba, na kai maganarki, ba tare da na nuna ko ke wace ce ba, wajen wata ƙawata da ta koyar da wannan fanni shekaru da yawa kafin ta yi ritaya. Ta ce janyewa hanya ce sananniya kuma mai ƙarfi, amma masana fannin da kansu suna gargaɗi a kanta in abin da ake ƙirgawa cutar da kai ne, ko in abin da za a janye shi ne hanyar da yaro yake faɗin buƙatarsa. Naki ya haɗa duka biyun. Kuskuren tun wajen tsara aikin aka yi shi, ke kika rubuta, Dakta ya amince, don haka ku raba laifin ku biyu.

Lambobin ƙarya kuwa, ki rufe wannan babin yau. Ba maganar kamawa nake yi ba, ko da yake ana kamawa. Wata malamar za ta karanta aikinki wata rana ta yi aiki da shi a kan ɗan wani. Ki gode wa ƙawar taki, ki daina kai mata wannan maganar.

Yanzu Dakta. Ba azzalumi ba ne, kuma tambayarsa tana kan hanya. Kin ji haushin maganar fanka, to ni da nake gefe ban ga abin haushi ba. Ke kika ce yarinyar tana jin ƙarar da mu ba ma ji. Aka gyara fanka a makon da kika kawo katuna. In ke ce mai jarrabawa, ba za ki tambaya ba? Ke kin san katunan ne don kina wurin ranar da ta danna miki hoto a hannu. Wanda zai karanta aikinki ba ya wurin, kuma saboda shi ake yin bincike. Mutumin da ya karɓi aikin yarinya ɗaya a sashen da ake yi masa dariya bai cancanci a fice masa daga ofis ba sallama ba. Ki je ki ba shi haƙurin fitar da kika yi da maganar da kika gaya masa. Amma kada ki ba shi haƙurin ƙin janyewa, ki bambanta su a bakinki. Maganar shugaban sashe ki ajiye ta tukuna.

Kada kuma ki je hannu rabbana. Amsar tambayarsa tana cikin wasiƙarki, kin rubuta ta da hannunki kin wuce. Ƙawata ta ce akwai wata hanyar a cikin littattafan da kuke karantawa, wadda ba a janye komai. Ana duba yaro ɗaya a wurare daban-daban, a ƙirga a kowane wuri, sannan a shigar da dabarar wuri bayan wuri, ba rana ɗaya ba. In cizon ya sauka a aji lokacin da kati ya shiga aji, ya ci gaba a gida har sai ranar da kati ya shiga gida, ya ci gaba a filin wasa har sai da kati ya isa can, to babu fankar da za ta ɗauki wannan yabon, don ba a gyara fanka a shagon tela ba. Kina da wurare uku a hannu: aji, gida, filin wasa. Mako takwas za su isa in kin tashi yanzu.

Ƙawar tawa ta ce in gaya miki kada ki ɗauka tsarin zai fito tsaf kamar wanda aka shirya tun farko, don da an so, da an fara ƙirge a wuraren uku tare. Dakta zai iya faɗin haka, kuma gaskiyarsa ce. Ki rubuta wannan raunin a cikin aikin ƙarara. Ki rubuta labarin Talatar nan yadda ya faru, minti arba'in, goma sha ɗaya, da dalilin da ya sa kika tsaya. Ki nemi a amince da sauyin tsarin a rubuce kafin ki fara, ta hanyar da makarantarku ta tanada. Ki roƙi malamar filin wasa ta riƙa ƙirgawa, wasu ranakun ku ƙirga tare kowa da aljihunsa, a ga ko lissafinku yana haɗuwa. In Dakta ya ga kin zo da hanyar amsa tambayarsa, ina kyautata zaton zai saurare ki. In ya ƙi duk da haka, sannan ne za ki nemi a haɗa ku da shugaban sashe, cikin ladabi, da takardarki a hannu.

Ga mai ɗacin. Kin ba ni labarin minti arba'in da kika hana Tsuntsuwa katunanta, kuma na ji zafin da kika ji. Amma 'yata, kullum in an tashi kina kulle su a kabad. Mako goma sha ɗaya. Asabar da Lahadi ashirin da biyu ke nan, ban da yammacin kowace rana. Janyewar da kika rantse ba za ki yi wa Dakta ta kwana biyar ba, kina yin ta duk Juma'a da makullinki, sai dai ba kya wurin balle ki gani. Mamanta ce take wurin. Ta roƙe ki hotunan, kika ce ta dakata kada a ɓata miki lissafi, ta ce to, don irin matan da ke cewa to ce. Ciwon da kike wankewa duk Litinin kin kawo min shi a matsayin hujjar cewa ajinki ne ke aiki. Ki sake karanta wannan sakin layin na wasiƙarki a hankali.

Ban faɗi haka don in karya miki gwiwa ba. Na san ba mugunta ba ce, idonki ne ya tsaya a kan awa biyun da kike ƙirgawa har sauran awannin suka ɓace miki. Yana faruwa ga masu son aikinsu. Amma tunda taurin kan naki saboda yarinyar ne, to ya bi ta har gida.

Saboda haka kafin ofishin Dakta, shagon tela za ki fara zuwa. Ki zauna da mamanta ki gaya mata komai, har da Talatar nan, don ban ga inda kika ce ta sani ba, kuma hakkinta ne ta sani. Ki ba ta haƙuri. Ki bayyana mata sabon tsarin da bakin da za ta gane, ki bar ta ta gama ji kafin ta sa hannu a wannan karon. Ki roƙe ta ta ƙirga miki na awa biyu kowace yamma, Litinin zuwa Alhamis, maɓallai dai ba sai kin kai mata ba. Ranar Juma'a katuna su shiga gida, da hotunan kofin gidan da ƙofar gidan da lungun da za a ware mata a shago, ke kuma ki je da kanki ki nuna yadda ake yi. Filin wasa ya biyo baya da mako ɗaya ko biyu. In kuwa uwar ta ce ba za ta iya jiran ko kwana huɗun ba, ki miƙa mata katunan a ranar, ki nemi wuri na uku a cikin makaranta. 'Yarta ce, kuma ta jira ki da yawa.

Ba zan yi miki alkawarin digirin nan ba, ba a hannuna yake ba, ko da yake ina ganin hanyarsa a buɗe take fiye da yadda kike zato. Abin da ke hannunki shi ne makullin kabad. Ki yi ƙoƙari kada wata Asabar ta sake riskar Tsuntsuwa tana shafa bango tana neman allonta.

Allah ya ba ki sa'ar karatu, ya sanyaya zuciyar Dakta, ya saka wa mahaifiyar nan da alheri. Ita kuma Tsuntsuwa, Allah ya nuna miki Litinin ɗin da za ta miƙo miki hannu ki duba ki rasa abin wankewa.

Antinki